Dutse na Uku a Murhun Inna

Da ana mayar da magana baki bayan ta fita, akwai amsar da na ba wani tsoho ina ɗan shekara goma sha ɗaya wadda zan fara mayarwa. Yau gemuna ya yi fari, jikokina sun fi jin Larabci da Hausa, amma ban gama neman gafara a kanta ba.

Farkon shekarar 1969 ne, kwanaki kaɗan bayan ruwan nan da ya yi ambaliya a Makka. Gidanmu na jikin dutse a bayan unguwar Jarwal, ɗakuna ne na kwano da katakon akwati, cikin unguwar mutanenmu da suka iso ta Chadi da Sudan. Ruwan ya ratsa tsakar gida ya kwashe tabarmi da kaji, ya tafi da ɗaya daga cikin duwatsun murhun Inna. Sana'arta suyar gyaɗa ce cikin yashi a babban kasko, mu kuma mu kai bakin kasuwa bayan mun taso daga makarantar allo. Dutse ba ya wuya a Makka, amma duk wanda muka kawo mata sai kaskon ya karkace, yashi ya zube. Ran nan da hantsi sai na shigo da wani ƙarfe a cikin buhu, tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsu, gindinsa a baje, kansa da tsini, duk ya yi tsatsa. Inna ta kafa shi, ta ɗora kasko, ya zauna daram. Ta shafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka. Na ce mata a bola na tsinta.

Ba a bola na tsinta ba. Akwai wani kwazazzabo a bayan unguwa da aka hana mu zuwa, ruwa ya yanke gefensa ya tono irin waɗannan ƙarafa da dama, wasu cikakku, wasu kawunan kawai. Ni da abokina Ɗahiru muka gan su. Shi ne babbanmu a wasa, shi ke ƙera mana motocin gwangwani da waya, kuma shi ya lura da wani zobe na jan ƙarfe da ke kewaye da gindin kowanne, wanda in ka goge shi da yashi sai ya yi ta ƙyalli. Ya ce da shi za mu yi wa motocinmu ado, yaran unguwar gaba su mutu da hassada. Muka rufe wurin da ƙaya, muka rantse ba mai faɗa wa kowa.

Bayan azahar Inna ta jera itace ta hura wuta. Harshen wutar ya fara lasar ƙarfen ke nan sai ga Baba Mai-igwa ya yi sallama, ya zo ɗiban garwashin shayi kamar kullum. Maƙwabcinmu ne, tsoho mai sayar da asuwaki. Yana saurayi Turawa suka kama shi cikin 'yan dako zuwa yaƙinsu na Kamaru, ya yi ta ɗaukar sassan igwa a ka daga dutse zuwa dutse. Yakan ba mu labarin bindiga mai ruwa da ke zubar da mutane kamar ana girbin dawa, da waya mai ƙaya da ake shimfiɗawa a gaban rami. "Yaƙin iyayenmu, kana ganin fuskar mai kashe ka," yakan ce. "Waɗannan kuwa daga bayan dutse suke aiko maka da ajali, ba su ma san sunanka ba." Mu dai tatsuniya muka ɗauke shi.

Ya sunkuya da ɗan gwangwaninsa, sai ya tsaya haka a sunkuye. Bai yi ihu ba. Cikin wata murya da ban taɓa ji ba ya ce wa Inna, "Hajiya, kwashi yaran nan ku fita. Kada kowa ya taɓa kaskon, kada kowa ya yi gudu." Inna ta fara dariya, da ta dubi fuskarsa ta daina. Ta saɓi ƙanwata, ta ja ni. Ta kafar kwanon ƙofa na hango shi yana zare itacen da hannu ɗaya bayan ɗaya, yana ɗiban yashin gyaɗa yana binne garwashin a hankali, leɓensa na motsi, zufa na ɗiga daga gemunsa. Ya ɗaga kaskon kamar mai ɗaga jinjiri mai barci. Sannan ya zauna a ƙasa.

Da Baba, mahaifina, ya dawo daga aikin gini aka taru a ƙofar gida. Tsohon ya ce harsashin igwa ne, tun na zamanin da aka yi faɗa da Turkawa a kan duwatsun nan. Cikinsa albarushi ne, a kansa kuma akwai ɗan abin da ke tayar da shi in ya sha duka ko zafi. "Wanda bai tashi ba barci yake yi, ba mutuwa ya yi ba," in ji shi. Wani ya ce a kira askarawa, aka ƙi. Rabin unguwar ba su da iƙama, takardar zama a ƙasa, har da mu. In askari ya shigo don ƙarfe, zai fita da mutane. A ƙarshe tsohon ya kwantar da ƙarfen cikin kwando a kan yashi, shi da Baba suka ɗauka, taku bayan taku, suka kai wani rami can nesa suka binne.

Kafin su tafi ne tsohon ya kira ni. Ya dafa kafaɗata, hannunsa duk ƙuna, ya ce, "Ya walad, kai yaro, dube ni. Ba mai dukanka. Akwai wasu a inda ka samo shi?" Na dubi Baba, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na tuna kwazazzabon da aka hana mu, na tuna rantsuwarmu, na tuna yadda Ɗahiru zai kira ni mai bakin mata a gaban yara. Na ce shi kaɗai ne, a bola. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sake ni.

Washegari na je na gaya wa Ɗahiru, amma rabi na faɗa. Na ce Baba Mai-igwa ya ce ƙarafan nan suna fashewa. Ya tuntsire da dariya. "Tsohon da ke shiga ƙarƙashin gado in an harba igwar shan ruwa da azumi? Abin da ya sha wuta a murhunku bai yi komai ba, guduma ce za ta tayar da shi?" Ban faɗa masa yadda fuskar tsohon ta koma ba, ban faɗa masa hannunsa ya ƙone ba. Na taya shi dariya. Kullum da safe sai in ce yau zan gaya wa Inna, da yamma in ce gobe. Abinci ya daina shiga. In wani ya buga kwano a unguwa sai in zabura.

Bayan 'yan kwanaki, ina layin ɗiban ruwa da garwa biyu na ji ƙarar. Ba ta kai igwar azumi ba, amma tattabaru suka tashi gaba ɗaya, mata suka hau salati. Na yar da garewanin na bi mutane, ƙafafuna sun san hanya tun kafin a nuna. Ashe ɗaya daga cikin kawunan ƙarafan Ɗahiru ya ɗauka ya buga da guduma don ya ga abin da ke ciki. Allah ya bar shi da rai, amma hannunsa na dama ya tafi, da ido ɗaya.

Irin wannan rauni ba ya ɓoyuwa. Aka kai shi asibiti, askarawa suka zo, sojoji suka kewaye kwazazzabon suka kwashe sauran. Aka tambayi takardun iyayensa, babu. Da ya ɗan warke aka kai su Jidda aka sa su a jirgin ruwa, shi da uwarsa da ubansa da ƙannensa da aka haifa a nan, zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. An yi ta tambayarsa da wa yake zuwa wurin, bai ambaci sunana ba. Baba Mai-igwa bai taɓa yi mini maganar ba har ya rasu, sai dai ya daina ba mu labarin yaƙi.

Yanzu an fasa dutsen, kwalta da dogayen gidaje sun hau inda kwazazzabon yake, ni kuma ina unguwar Rusaifa a gidan ɗana. Jikokina suna harbe-harbe a cikin waya, wanda ya mutu ya tashi ya ci gaba. Na sha tambayar alhazan da ke zuwa daga gida ko sun san wani Ɗahiru mai hannu ɗaya da aka haifa a Makka, har yau ban samu wanda ya san shi ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, yaro ko babba: in ka san inda haɗari yake kwance, ka faɗa a ranar, ka faɗa duka, ko da za ka sha bulala. Bulalar Baba da tuni na manta da ita.