Tulun Ruwa a Kan Dutse

A ƙauyenmu da ke arewa da Ɗanbatta, idan aka kawar da amfanin gona, sanyi ya shigo, mukan taru bayan sallar magariba a ɗakin kakarmu, wadda muke kira Iya. Takan hura wutar kara, ta zuba mana gyaɗa a faifai mu yi ta ɓara, domin a wurinta ba a sauraron tatsuniya hannu na zaune. Ni take kira maigidanta, tana ƙorafin ko goro ban taɓa kawo mata ba. Allah Ya haskaka kabarinta.

Tatsuniyoyinta ba duka ne na dariya ba. Wadda ta fi zama a zuciyata ita ce ta Tanko mahaƙin rijiya.

Ta ce an yi wani gari da rijiyarsa ta ƙafe, har mata na tafiyar yini kafin su samo ruwa. Aka kira Tanko ya haƙa sabuwa. Da ya yi nisa sai ya tarar da dutse, ya bi dabarar magabata: ya hura wuta a kansa ta kwana tana ci, da safe ya kwara masa tulun ruwa, dutsen ya tsage, ya ɓamɓare abin da bai wuce tafin hannu ba. Wata uku ana haka. Kullum gari na ba shi tulu guda, alhali yara na kukan ƙishirwa.

Ranar da wani jariri ya mutu, samari suka zo suka jawo igiya, suka fito da Tanko. Ya roƙe su su taɓa ƙasar da ke bakin daginsa su ji danshinta. Babu wanda ya taɓa. Da taɓarya da ƙotar gatari suka rufe shi da duka. Suka karya masa hannun da yake haƙa da shi, suka fasa masa kai, suka ja shi a ƙasa har bayan gari, inda ya cika kafin la'asar. Daga nan mutanen suka yi ƙaura, ƙishirwa ta bi su tana kayar da su a hanya ɗaya bayan ɗaya.

A nan Iya takan tsaya ta gyara wuta kafin ta ci gaba. Bayan shekara, wani makiyayi ya sauka ramin don ciro ɗan akuyarsa da ya faɗa. Ya ga dagin, ya ɗauka ya buga sau ɗaya, sai ruwa ya tsarto har ƙirjinsa.

"Bugu ɗaya, maigida," in ji ta. "Ci gaba da ɓara, ban ce a tsaya ba. Tatsuniya ta ƙare, da ƙarya ce da na fi kowa murna."

Na girma, na yi karatu gwargwadon hali, na karantar da falalar haƙuri shekara da shekaru, ina ɗaukar kaina a sahun Tanko. Sai Allah Ya jarrabe ni da ɗana Sa'idu. Ina koya masa haddar Alƙur'ani, ya yi shekara uku yana nan a izu biyar. Abin da ya haddace da safe, kafin yamma ya zube, sa'anninsa kuwa duk sun wuce shi. Wata safiya ya ɓata aya guda sau goma. Na fizge allon na buga masa a goshi, jini ya zubo a kan rubutun. Mahaifiyarsa ta zo ta danne wurin da bakin mayafinta, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, in ka fasa kan, a ina karatun zai zauna?"

A lokacin na gane cewa ni cikin masu taɓarya nake. Na wanke allon da hannuna, na nemi gafarar Ubangiji da ta yaron, muka koma aya ɗaya kullum. Bai kammala hadda ba sai da ya cika shekara talatin.

Yau shi ke jan mu tarawihi a masallacin ƙauyenmu. Idan ya sallame ya juyo, tabon nan nake fara gani, kuma istigfarina na farko dominsa nake yi.