Chaibou Mai Ranar Nabe

Da hantsi Baba Chaibou yake buɗe rumfarsa ta kallo a tsohon garin Agadez. Yakan share ƙasa, ya kakkaɓe tabarmi, ya yaye zanen da yake lulluɓe tele da shi, ya goge gilashin da gefen rawaninsa, ko da kuwa babu ƙura. Sai ya ɗora shayi ya jira la'asar. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, tun zamanin kaset har zuwa yau da fim ɗari ke shiga ɗan abin da bai kai yatsa ba. Yanzu idanu sun yi rauni, ƙarshen watan nan zai miƙa rumfar ga wani, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da aka gani.

Kwana shida a mako yana saka abin da jama'a ke so, faɗa da ƙwallo da rawa. Laraba kuwa ranar nabe ce.

Sunan ya samo asali ne daga kuskure. A shekarunsa na farko, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mai suna Mushe Bashir, ya mayar masa da kaset yana yamutsa fuska, ya ce da Faransanci: "C'est un navet." Chaibou bai yi lakwal ba. Ya kalli fim ɗin, ya yi masa daɗi, sai ya ɗauka nabe wani nau'in fim ne, kamar karate ko na Indiya. Ya tafi wajen mai sayar da kaset a kasuwa ya ce a zaɓo masa nabe masu kyau. Mutumin ya yi dariya har da hawaye, sannan ya bayyana masa cewa nabe wani kayan lambu ne mai farin kai, kuma da sunansa Faransawa ke zagin fim ɗin da ya faɗi, wanda masana suka kushe, ƴan kallo suka guje.

Chaibou ya ce: "To ai ci ake yi. Zuba mini."

Tun daga nan Laraba ta zama ta masu son nabe. Ba su da yawa, wani lokaci mutum tara, wani lokaci huɗu. Ana dariya idan gemun jarumi ya ɓalle, ana tafi idan dodo ya fito da takalmin roba. Doka ɗaya ce: wanda ya zauna ba ya tashi sai sunayen ƙarshe sun gama wucewa.

Shekara uku da suka wuce, Illiya maƙerin azurfa ya yi fim a kan masu aikin gishiri a Tagidda. Shekara biyu ya yi yana haɗa shi. Aka nuna shi a Yamai, rabin zauren ya watse kafin a kai tsakiya, wani ya faɗa a rediyo cewa raƙuman ciki sun fi mutanen iya wasa. Illiya ya dawo ya daina fita majalisa. Ya gaya wa matarsa Souwaiba cewa ran Juma'a zai goge fim ɗin, kuma kwafi ɗaya ne tak a duniya. Ita ce ta zo rumfar ta faɗa wa Chaibou.

Chaibou ya same shi a maƙera.

"Illiya, ara mini fim ɗinka."

"Wace rana za ka saka shi, Baba?"

"Laraba."

Illiya ya ajiye guduma. "Kai ma? Yamai ta gama da ni, kai kuma za ka jera ni da mai takalmin roba?"

"Su Yamai rabi suka gani. Kai kanka ba ka taɓa ganin fuskar wanda ya kalle shi duka ba. Ka gani tukuna, Juma'ar tana nan."

Illiya ya ba da fim ɗin. Ran Laraba ya zo, ya zauna can baya kusa da ƙofa. An yi dariya, ba a ɓoye ba, musamman inda gawa ta ɗaga hannu ta kori ƙuda. Amma da aka kai wurin da mata ke kankare gishiri daga ƙananan ramuka, minti bakwai babu magana sai ƙarar kankara da numfashi, rumfar ta yi tsit. Wata tsohuwa, Inna Zeinabou, wadda ta girma a Tagidda, ta ce da ƙarfi: "Haka ne. Haka hannu ke tsagewa." Da aka gama ta nemi a maimaita mata wurin.

Illiya ya tare Chaibou a bakin ƙofa. "Baba, tsakaninka da Allah, yana da kyau?"

"Ba shi da kyau. Gawarka tana korar ƙuda. Amma minti bakwai ɗin nan, a shekara talatin ban saka irinsu ba. Idan ka goge, su ma ka goge."

Na daɗe ina juya wannan amsa. Da ya ce yana da kyau, ya yi ƙarya, kuma Illiya zai gane. Da ya tsaya a kan ba shi da kyau, ya faɗi gaskiyar da Yamai ta riga ta faɗa, wadda ta kusa kashe aikin. Amsar da ya bayar ba ta samuwa sai ga wanda ya zauna har ƙarshe.

Kai ne, Baba Chaibou, mai haƙurin kallo. Kai ne ka koya mana cewa ana iya yi wa abu dariya ba tare da an wulaƙanta mai shi ba. Mun gode, Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa ka huta lafiya.

Mu kuma da muka rage, malami da almajirinsa, mai gida da yaron shagonsa, idan wani ya kawo mana aikin da bai yi kyau ba, mu duba shi duka kafin mu buɗe baki. Juma'ar nan ta zo ta wuce, Illiya bai goge komai ba. Makon jiya ya hau motar Ingal da kamararsa, ya koma Tagidda.