Kwamfuta Biyu a Zafin Zongo

Bazara ce, mangwaro ya cika kasuwar Djougou har yana zubewa ƙasa. Shekarar ta zo mini da sanyin zuciya, don babbar 'yata ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, an kuma ɗauke ta karatun zanen gine-gine a Parakou. Malamansu suka ce sai da kwamfuta mai ƙarfin hoto, irin ta masu wasanni. Mahaifinta ya ce sau ɗaya zai saya, ita ce kuma za ta kai ta ƙarshen karatu. Ƙafa na damunsa a lokacin, sai ni na raka ta Parakou.

A wani butik, wato shago, na Zongo muka tarar da guda biyu, baƙaƙe, girma ɗaya, sai dai ɗaya ta fi nauyi. Ni da na koyi karatu da girmana a ajin yaƙi da jahilci, na bi takardar da ke manne a jikinsu da yatsa, a hankali. Lamba ɗaya ce a duka biyun.

"Hajiya, uwa ɗaya uba ɗaya suke," in ji mai butik. "Ku ɗauki wadda ta yi muku. Amma fa in ta fita ƙofar nan, ba ta dawowa."

"Kawu, a kunna mini su tukuna," 'yata ta ce.

Ta sa wasan tseren mota iri ɗaya a kowace. Ban taɓa ganin abu haka ba. Ruwan sama na sauka a gilashin motar, har inuwar itatuwa tana gudu a kan titi. Duka biyun sumul. Na raɗa mata ta ɗauki marar nauyin mu tafi, kada mu tsayar da mutum.

"Inna, ki zauna. Yanzu duk da sanyinsu suke."

Ta roƙi a kashe fanka. Mai butik ya riƙe baki.

"Yarinya, saye kika zo ko wasa? Ka ji 'yan bak! Gobe ma ki zo ki karɓi makullin shago."

Ta yi murmushi kawai. Ta nuna mini wata ƙaramar lamba a kusurwar allon, ta ce ita ke faɗin yawan hotunan da injin ke zubawa. In ta faɗi, zanenta ma haka zai riƙa tsayawa. Muna zaune gumi na tsiyaya. Sai na tuna mahaifina, wanda bai taɓa sayen huhun goro ba sai ya tona har ƙasa. Ba ta san shi ba, amma irin zamansa ta yi.

Aka kira azahar, na shiga gidan da ke maƙwabtaka na yi salla. Da na dawo, motar da ke cikin kwamfuta marar nauyin ta fara ɗingishi, ta tsaya, ta yi tsalle, lambar ta sauko. 'Yata ta kama hannuna ta ɗora a bayan injin. Kamar murfin tukunya! Ɗayar kuwa ɗumi ne kawai, motarta na tafiya abinta.

Mai butik ya taɓa da kansa.

"Wallahi, Hajiya, ni ma ban sani ba. Allah ya raya miki ita."

Muka ɗauki mai nauyin. A ɗakin da ta kama haya babu tebur, ta ce kuma ba a ɗora ta a katifa, tana son iska ta ƙarƙashi.

Washegari, kafin in tafi tashar Djougou, na auna faɗin kwamfutar da zaren zanena, na kai wa wani kafinta, na ce ya yi mata ɗan benci mai ramuka.