Ɗaga-Haɓa da Fuskar Wata

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a shago guda, tsakanin tela da mai gyaran agogo. Duk wanda ya zauna a kan kujerarsa, kafin ya gama gyara zama zai ji, "Ɗaga haɓa." Da haka sunan ya bi shi, har matarsa idan ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Gwani ne wajen rufa wa fuska asiri. Mai ƙuraje ya shiga ya fito sumul, tsohuwa ta fito kamar ƙanwar 'yarta. Dabararsa guda ce: ya watsa haske daga gaba, don kada inuwa ta sami wurin zama.

Yana da wa, tsohon direban babbar mota, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ne ma ya saya masa kyamarar farko. Idon Yaya ya fara tafiya, likita kuwa bai ɓoye ba: ba zai dawo ba, kullum sai ƙara ja da baya. Abu sai babba, kuma a kusa da hanci, yake gani.

Wata ranar da yamma suna zaune a tsakar gida, Yaya ya ɗaga kai.

"Wancan wata ne ko ƙwan lantarkin maƙwabta?"

"Wata ne, Yaya."

"Shekara arba'in muna tafiya tare a hanya, na san kowane tabo a jikinsa. Yanzu ya koma mini kamar an ɗiga madara a bargo. Kai da kake cika baki da kyamara, ɗauko mini shi in gani kafin a rufe shago."

Ɗaga-Haɓa ya ce wannan ai aikin minti biyu ne.

Ya jira daren sha huɗu, ya aro dogon gilashi mai jawo nesa, ya hau rufin shago bayan isha'i. Lissafinsa na mai hoto ne: dare duhu ne, duhu kuwa haske yake so. Sai ya wangale ƙofar hasken kyamara, ya sa ta jinkirta ƙiftawa, ya ɗaga lambar jin haske har ƙarshe. Don kada a ce ya yi rowa, har filasha ya kunna wa wata.

Da aka wanke hoton, tela ne ya fara gani. Ya juya shi sama, ya juya ƙasa.

"Maigida, wannan maɓalli ne? Ina da riga da ke nema."

A gida, Yaya ya kai shi bakin hanci, ya daɗe yana dubawa, ya miƙo. "Irin wannan ai ina gani kyauta."

Wata guda ya tafi a haka. Kafin wani ya cika, Yaya ya daina gane lambobin agogon bango. Ɗaga-Haɓa ya rage surutu, abin da ya tayar wa matarsa da hankali fiye da zazzaɓi.

Amsar ta zo masa da tsakar rana. Wani ɗan kasuwa ya matsa sai an ɗauke shi a waje, jikin sabuwar motarsa, cikin farar riga ƙal. Hannun Ɗaga-Haɓa da kansa ya tsuke ƙofar haske, don kada rigar ta ƙone a hoto. Sai ya tsaya, baki buɗe.

"Lafiya?" in ji ɗan kasuwar.

"Ranka ya daɗe, kai ne wata."

Shi ke nan. Duhun a nan ƙasa yake. Shi wata can a tsaye yake cikin rana tsaka, da farar rigarsa. Kuskure na biyu kuma ya fi ba shi kunya. Daren sha huɗu hasken rana daga gaba yake dukan wata, irin dai na shagonsa, mai shafe tabo. Yaya kuwa tabon yake nema. Ashe sai an bar haske ya zo daga gefe, abin da ya hana kansa yi tun yana saurayi.

Bai jira cikar wata ba. Ran takwas ga wata, da faɗuwar rana, ya kafa kyamara a kan ƙafa uku. Ƙofar haske ya tsuke ta zuwa lamba sha ɗaya, lambar jin haske a ɗari, ƙiftawa kashi ɗaya cikin ɗari da ashirin da biyar na daƙiƙa. Saiti da hannu ya yi, don kyamarar in an bar ta sai ta yi ta lalube. Ya sa ta ƙirga daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka, don kada taɓin hannu ya girgiza ta. Ya ɗauki ashirin, yana ɗan sauya saurin, ya zaɓi ɗaya.

Ya wanke shi da faɗin faranti, ya kai da safe, lokacin da idon Yaya ya fi kama abu. Yaya ya zauna bakin taga, ya manna hoton da hanci, yana bin layin da haske ya rabu da duhu da ɗan yatsa. Ɗaga-Haɓa ya matso jikin tagar yana leƙe.

"Ɗaya, biyu... wannan babban ramin fa, da ma yana nan?"

"Yana nan, Yaya."

"Ni tabo kawai na sani. Ashe har da ramuka." Ya gyara zama. "Saura rabin da ka bari a duhu fa?"

"Sai nan da mako biyu, kuma da asuba ake samunsa."

"To, ka tashi da wuri. Matsa daga tagar, kana tare mini."