Akwatin Aruna Mai Rediyo

Lokacin da Abiba ta shiga takabar mijinta Ɗanlarai a Bawku, ba ta da kowa a kusa, danginta duk suna Salaga. Koko da ƙosai take yi, a cikin gida take soyawa ana shigowa saye, amma mai takaba ba ta zuwa inji. Da masu gaisuwa suka watse, wata safiya ta leƙo ta ga bokitin geron da ta jiƙa ba ya wurin. Tana cikin salati sai ga shi an ajiye mata a markaɗe, an rufe da faifai. Ashe Aruna mai gyaran rediyo ne ya kai mata inji, wanda ke haya a ɗakin bakin zaure. Bai tsaya a yi masa godiya ba. Haka ya yi ta yi har ta fita takaba.

Aruna haifaffen Yendi ne, ɗan gidan malamai. Ya yi allo, ya taɓa boko, sannan ya bi mota. Yana yaron mota ne ya tsinci littafinsa na farko a kasuwar Salaga, wajen mai sayar da tsofaffin takardu. Na Turanci ne, labarin waɗansu mutane da suka bar duniya cikin manyan jirage, suna yawo tsakanin taurari, su yi yaƙi, su yi sulhu, su mutu, jikokinsu su ɗora. A bayan littafin akwai lamba. Nan ya gane ashe ba littafi guda ba ne, zuriya ce, kuma shi ɗa ɗaya ya samu. Daga ranar ya shiga neman sauran.

Mahaifiyarsa ta ga zanen da ke jikin bangon littafin ta ce ba a gidanta ba, mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Bai yi gardama ba. Ya samo takardar buhun siminti ya yi wa littafin riga, ya rubuta lambarsa a baya. Tsohuwa ta rasu da jimawa, Aruna bai daina ba. Duk wanda ya samo sai ya yi masa riga kafin ya kwana a ɗakinsa, sannan ya shiga akwatin ƙarfe a sa kwaɗo.

Lamba ɗaya ta gagare shi, sittin da uku. Yana da waɗanda ke gabanta birjik, amma ya ƙi buɗe ko ɗaya. Damata mai sayar da gawayi, maƙwabciyarsu, ba ta barinsa ya wuce lafiya.

"Malam Aruna, yau a wace tauraruwa aka kwana? Ka karanta na gaba mana, wa zai kama ka?"

"Ke kina tsallake raka'a ki ce kin yi salla?"

Idan direba ya ce masa an ga tsofaffin littattafai a gidan wani malamin makaranta a Pusiga, ko a Kulungugu bakin iyaka, sai ya rufe shago ya hau babur. Ya dawo da yamma da ɗan ƙunshi ruwan ƙasa a hammata. Shekara da shekaru ana ganinsa haka, ba wanda ya damu.

Sai gari ya ɓaci, rikici ya tashi tsakanin ɓangarori biyu. Aka sa dokar hana fita, ana jin harbi daga nesa, wani lokacin ba daga nesa ba. Mutanen da ke zama a benci ɗaya suna shan kokon Abiba suka koma kowa ya karɓa a leda ya wuce. Idon kowa ya koma kan hammatar kowa. Aruna kuwa baƙo ne ga duk ɓangarorin, babu mai cewa namu ne.

Ana cikin haka yayan Aruna ya rasu a Yendi, tafiya ta kama shi. Rufin ɗakin da yake haya yana yoyo, ga damina, sai ya roƙi Abiba ta ajiye masa akwatin, ya bar mata makulli. Ƙarti biyu suka ɗauko shi suna nishi. Ɗayansu ya ce, "Wannan ai ba tufafi ba ne." Abiba ta ji maganar, ta ga yadda ya dubi ɗan'uwansa.

Ba a daɗe ba Damata ta ja ta gefe a bakin famfo, babu dariya a fuskarta.

"Mma Abiba, me kika ajiye a ƙarƙashin gadonki? Ana cewa harsashi ne. Wai Aruna ne yake shigo da shi daga iyaka. An ce ranar da ya sauka a tasha ba zai ƙaraso gida ba."

Abiba ta koma gida. Ta kira Aruna a waya. Dariya ya yi, ya ce rediyoyin mutane suna hannunsa, ranar Juma'a yana nan tafe. Ta zauna bakin gado tana duban akwatin. Abin da ya fi tsorata ta, ita kanta ba ta taɓa ganin cikinsa ba. Ta sha ganinsa yana karatu a zaure, littafi guda a hannu, amma wa ya san abin da ke ƙasa? Makullin na ƙulle a bakin zanenta, ta kasa kwancewa. Amana ce, ba a ce ta buɗe ba. Ko da za ta yi salla sai ta ji kamar akwatin na bayanta yana numfashi.

Ranar Alhamis da hantsi tana tsame ƙosai, sai ga Abdul-Razak, shugaban samarin unguwa, da mutum biyu a bayansa.

"Mma, sannu da aiki. Kayan Aruna muka zo ɗauka."

Ta sauke kaskon daga wuta. Sai ta hango abu ɗaya. In suka tafi da shi suka buɗe su kaɗai, duk abin da suka ce sun gani, shi ne a ciki har abada.

"Za a buɗe," ta ce. "Amma a ƙofar masallaci, bayan la'asar, gaban liman."

"Mma, kar ki sa kanki a abin da ba naki ba."

"A ɗakina yake kwana, ɗana. Ai na riga na shiga."

Ya tafi, ya bar mutum ɗaya a zaure yana gadi.

Da aka sallame la'asar aka dire akwatin gaban liman, Malam Nasrullah. Abiba ta durƙusa ta sa makulli, sai da ta yi ta lalube kafin ya shiga. Murfi ya ɗago. Ga su nan jere kamar bulo, ƙunshi-ƙunshi ruwan ƙasa, kowanne da lamba. Mutane suka ja da baya gaba ɗaya, wani ya janye ɗansa. Ba wanda ya miƙa hannu. Ta yi bisimilla ta zaro ɗaya, ta buɗe, ta ɗaga. Takarda ce, ta yi ja don tsufa.

"Na sama ke nan," in ji Abdul-Razak. "A fito da su duka, a cire musu wannan rigar. Mai gaskiya me zai ɓoye?"

Ta yage takardar simintin. Wata halitta ce ta bayyana, koriyar fuska, idanu jere har wuya, bayanta wuta na cin sama. Abiba ta kusa jefar da shi. Wurin ya ɗauki a'uziyya. Daga baya wani ya ce, ashe ma abin ya wuce harsashi, tsafi ne. Ta ji maganar na tafiya daga baki zuwa baki, ta san wannan ma tana iya kashe mutum.

Liman ya karɓa, ya sa tabarau, ya juya shafi, ya juya wani.

"Tatsuniyar Turawa ce," ya ce. "Ya rufe hoton ne saboda mala'iku. Da ma duk mun yi haka da kalandar ɗakunanmu."

Damata ta leƙo ta kafaɗarsa. "Wannan ai mijina ne in ya tashi barci."

Waɗansu suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Abiba ta ci gaba da yagewa, tana kau da kai, tana jera su bisa lamba a kan tabarma kamar yadda ta same su, har ƙarfen ƙasan akwatin ya fito fili. Abdul-Razak ya ƙwanƙwasa shi da ƙafa. Bai yi dariya ba ko sau ɗaya.

"Akwati ɗaya muka gani," ya ce, ya juya.

Kafin magariba ta sake kiran Aruna, ta faɗa masa duk yadda aka yi, ta ce kada ya zo. Wannan karon bai yi dariya ba. Sai ya ce, "An cire musu riga?" Ta ce duka. Ya ce Allah ya saka mata.

Bai sake taka Bawku ba. Rediyoyin mutane liman ne ya raba wa masu su. Abiba ma zama ya ƙi mata, don masu saye sun fara kiranta mai akwati. Da damina ta ja baya ta ɗaure kaskonta za ta koma Salaga, ta biya ta Yendi don ta kai wa Aruna akwatinsa. A kowane shingen jami'an tsaro sai an sauke akwatin, an buɗe, koriyar fuskar nan ta dube ta.

Ta iske shi a zauren gidansu, ya rame, furfura ta cika masa gemu. Ashe ya tanadi takardar siminti ya yayyanka, tana jiransu. Suka gaisa daga nesa kamar kullum. Ya bi bayan littattafan da yatsa har ya iso gurbin nan, ya tsaya.

"Mma Abiba, a Salaga na samo na farko. Na san za ki riƙa sayen tsofaffin takardu kina naɗe ƙosai. Don Allah, kafin ki yagi littafi, ki juya bayansa. In kin ga shida da uku, ki ajiye mini."