Giwan Ruwan Da Yaya Sule Ya Saki

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sule, kuma har yau akwai maganar da ban faɗa masa ba.

Mu jikokin masunta ne, amma a Zongo muka tashi, nesa da ruwan kakanninmu. Ni na kama sana'ar banda a kasuwar Agoè-Assiyéyé, shi kuwa ya sayi kwalekwale mai inji yana kai baƙi kamun kifi da ƙugiya a Tafkin Togo. Aikin ban haushi ne. Su wuni cikin rana, in babba ya kamu a ɗaga shi, a yi hoto, a mayar da shi ruwa. A majalisa har tsokanarsa ake yi, wai masuncin da matarsa ke sayen kifin miya.

Da bikin 'yata Hadiza ya matso, sai na roƙe shi babban kifi ɗaya tak. Na riga na cika wa dangin miji baki cewa za su ga abin da ba su taɓa gani a faranti ba. Ya ce in Allah ya kawo, nawa ne. Allah kuwa ya kawo, ana gobe ɗaurin aure: giwan ruwa, tsawonsa ya kai ƙirjin Yaya. Baƙon da ya kama ma cewa ya yi Yaya ya tafi da shi gida. Amma da yamma sai ga Yaya a bayan zemijan, wato ɗan acaɓa, da 'yan karfasa a bokiti.

"Mace ce, Rabi, cikinta fal ƙwai," ya ce mini. "Kiliyan, baƙon nan, ya ba ni, amma hannuna ya ƙi."

Ya ba ni labarin yadda ya tallafe ta cikin ruwa yana shafa bayanta har numfashinta ya dawo, sannan ya sake ta. Ni kuwa kunyar surukai kawai nake hangowa. Na ce ya je ya gayyato ta biki, tunda ta fi ni. Aka yi biki, aka ci karfasa, babu wanda ya yi ƙorafi sai ni. Sau uku Yaya yana zuwa ƙofata da sallama, ina amsawa daga ɗaki. Wata huɗu bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana biyu kacal rai ya yi halinsa. Ina ta shirin in je gobe.

Yanzu kifin da ake kawo mana bai wuce yatsa ba, don ragar da ake jefawa ko gidan sauro bai fi ta ƙanƙantar ido ba. Da yana nan, na san ba zai ce ya faɗa mana ba. Zai juya ɗaya a tafin hannu ne kawai, ya ajiye.

Bai bar gadon gida ba, kwalekwalen ma ya ruɓe a bakin ruwa. Abin da ya bari yana hannuna: duk ranar da na tsaga kifi na tarar da ƙwai, sai wuƙar ta tsaya. Ina kewarsa ƙwarai. Tun daren bikin na huce, girman kai ne ya hana ni buɗe labule. Yaya, kai ne da gaskiya, ka yafe mini. Allah ya jiƙan ka, ya isar maka da wannan, tunda ni na makara.