Ƙwaryar Inna a Barikin Bature

Ranar wata Laraba ce bayan yankan gero, a shekarar da aka gina wa Turawa bariki a gindin duwatsun Dutse. Ina tsakar gida ina korar kaji daga tsabar da aka shanya, ƙannena mata suna carafke a inuwar rumbu, sai yaran hakimi suka yi sallama da Baba a zaure. Wai wani Bature ya sauka, yana son ƙwaryar da ta fi kowace kyau a gari zai zana ta.

Duk unguwarmu an san ƙwaryar Inna, mahaifiyata. Da tsinin wuƙa mai zafi ta ƙona mata zane tun tana amarya, kuma kowane layi da abin da yake faɗa. Wannan hanyar rafi ce, wancan sawun zabi, ɗigon da ke kewaye da baki kuwa garken mahaifinta ne. Ba a shan fura a cikinta, a jeren kayan adon ɗakinta take zaune. Inna ta rungume ta a ƙirji, Baba ya ce, "Ki yi haƙuri, uwar Ladi, aro suka ce." Ni Ladin aka ɗora wa ita a ka.

Baturen ya ajiye ta a kan tebur, ya sa aka zuba nono, ya watsa dabino a gefe, ya jingina ludayi. Aka miƙo mini mafici in riƙa korar ƙuda. Kullum da safe nake zuwa, nonon ya tsinke ya yi tsami, ya hana a taɓa. Ba zan ɓoye ba, ranar da na leƙa allonsa na sha mamaki. Dabinon kamar in miƙa hannu in ɗauka, ga hasken taga kwance a kan nonon, har ƙudan da ya kuɓuce mini ya zana a bakin ludayi. Amma da na nemi zanen Inna, sai na tarar da dabbare-dabbaren baƙi kawai. Ya ga ƙafar ƙuda, bai ga hanyar rafi ba! Na tambayi tafintan Baturen dalili, ya tambaye shi, sannan ya yi dariya ya ce, "Ya ce wannan ai ƙyale-ƙyalen mata ne, ba zane ba."

Da zai tashi, ya sa aka naɗe allon da ƙwaryar a tsumma ɗaya aka aza wa ɗan dako. Na bi su a guje ina ihu har bayan kasuwa, wani dogari ya tsula mini bulala a ƙafa. Baba bai iya zuwa ko ƙofar hakimi ba. Inna ta wanke mini shatin bulalar da ruwan ɗumi, kuma har ta bar duniya ban sake ganin ta sa wuƙa a wuta ba.

Yau ga ni da furfura, kwanon sha ya kori ƙwarya daga ɗakunanmu. Jikana da ke makaranta a Kano yana ba ni labari wai a ƙasar Turawa an daina yayin zana dabino kamar dabino, yanzu layi da ɗigo da kusurwa ake ji da su, ana ce musu zanen zamani, shi ma abin da ake koya masa ke nan. Sai da hannuwan da suka iya suka shiga ƙasa, sannan idon duniya ya buɗe.